ABIN DA KE ƁOYE CIKIN ROMO: MATSALAR MARASA CIN NAMA A GIDAJEN ABINCI

Gabatarwa

A ƙasar Hausa nama abin marmari ne, da shi ake karrama baƙo, da shi kuma ake gane ranar salla. Don haka mutane da dama kan yi mamaki idan aka ce akwai wanda yake da kuɗin sayen nama, lafiyarsa ƙalau, amma ya ɗaukar wa kansa alkawarin ba zai ci ba. Irin waɗannan mutane kuwa suna da yawa a duniya. Wani bincike da cibiyar Pew ta Amurka ta fitar a shekarar 2021 ya nuna cewa kashi 39 cikin 100 na manyan mutane a ƙasar Indiya sun ce su ba sa cin nama. A tsakanin mabiya addinin Jain na ƙasar, adadin ya kai kashi 92. A Ingila ma tun a shekarar 1847 aka kafa ƙungiyar marasa cin nama. Wasu addini ne ya hana su, wasu tausayin dabbobi, wasu kuma neman lafiya ko kare muhalli.

Muddin irin wannan mutum yana gidansa ba shi da wata damuwa, domin shi ke da iko da tukunyarsa. Wahalar tana farawa ne ranar da tafiya ko aiki ko karatu ya tilasta masa cin abincin sayarwa. A nan ba ya ganin abin da aka zuba a tukunya, sai abin da aka gaya masa. Wannan matsala ta shafi mai karatu fiye da yadda zai zata, domin ɗalibi Musulmi da ya je karatu Turai ko Gabashin Asiya, inda naman halal ke wuyar samu, sau da yawa ga abincin marasa cin nama yake fakewa. Duk tarkon da ke kama su shi ma yana iya kama shi.

Su wa ake nufi?

Marasa cin nama ba iri ɗaya ba ne. Akwai masu barin nama da kifi amma suna shan madara suna cin ƙwai, kuma su ne suka fi yawa a Turai da Amurka. Akwai masu shan madara amma ba sa cin ƙwai, kamar yawancin na Indiya. Akwai kuma waɗanda ba sa taɓa duk abin da ya fito daga jikin dabba, har madara da zuma. Wani Bature mai suna Donald Watson da abokansa ne suka kafa wa waɗannan ƙungiya ta daban a Ingila a 1944. Mabiya addinin Jain da dama sun ƙara da barin abin da ake tonowa daga ƙasa, irin su albasa da tafarnuwa da dankali, don kada a kashe ƙananan halittun da ke cikin ƙasa wajen tono. Tun daga nan ake fara samun saɓani, domin abin da mai gidan abinci ya fahimta da “ba nama” ba lalle ne ya zo daidai da abin da baƙonsa yake nufi ba.

Harshe ma yana da nasa laifin. A Hausa, kamar a Japananci, kalmar nama ba ta haɗa da kifi ba. Wanda ya ce wa mai abinci “kada ki sa mini nama”, tana iya ɗora masa kifi da zuciya ɗaya, ko ta tsame tsokar daga miya ta miƙa masa, tana ganin ta cika umurni.

Dalilin da ya sa kuku ba ya rabuwa da romo

Tsame tsoka daga miya ba ya raba miyar da nama. Lokacin da aka dafa nama ko ƙashi a ruwa, abubuwa da dama suna fita daga cikinsa su narke a ruwan: kitse, da gishiri iri-iri, da wani ɓangare na furotin, watau sinadarin gina jiki, da kuma wasu ƙananan sinadarai masu ba da ɗanɗano. Waɗannan na ƙarshe su ne sirrin romo.

A shekarar 1908 wani malamin kimiyyar sinadarai na Jami'ar Tokyo, Kikunae Ikeda, ya ware sinadarin gulutamet daga wata ciyawar teku da Japanawa ke dafa romo da ita. Ya nuna cewa harshe yana jin wannan sinadari a matsayin ɗanɗano mai zaman kansa, dabam da zaƙi da tsami da ɗaci da gishiri, ya kuma raɗa masa suna umami. Bahaushe zai fi gane shi da garɗin da miya ke yi idan ta ji daddawa, domin daddawa ma tana ɗauke da gulutamet mai yawa. A 1913 ɗalibinsa Shintaro Kodama ya gano wani sinadarin na biyu, inosinet, a cikin busasshen kifi. Shi wannan a tsokar dabba da ta kifi ya fi yawa. Daga baya, a shekarun 1950, aka gano abin da ya fi muhimmanci ga darasin nan: idan gulutamet da inosinet suka haɗu a baki, garɗin da ake ji yana ninkuwa sau da yawa fiye da jimillar na kowannensu shi kaɗai. Ke nan cokali kaɗan na romon kaza ko ɗan garin kifi yana iya tayar da tukunya guda ta ganye, kuma da kuɗi ƙalilan. Kuku bai karanta wannan a littafi ba, amma harshensa ya daɗe da gaya masa.

Shi ya sa kusan kowace al'umma take da nata ɓoyayyen romon. A Japan akwai dashi, wanda galibi da busasshen kifi ake yin sa, kuma yana cikin miyar waken soya da romon taliya da dafaffen ganye, abubuwan da ido zai rantse babu dabba a cikinsu. A Tailan da Biyetnam akwai ruwan kifi, wanda ake samu ta hanyar jera ƙananan kifaye da gishiri a cikin randa ko ganga har tsawon watanni. A can shi ne ke zaman gishirin girki, don haka wanda ya ce a cire shi kamar ya ce a dafa abinci lami ne. A Meziko bisa al'ada da kitsen alade ake soya dafaffen wake. A Turai ana dafa shinkafa da miyar kayan lambu da romon kaza ko na ƙashin saniya. A gidajen abincin Nijeriya kuwa akwai ruwan nama a dafa-duka, da garin busasshen jatan lande a alale da miyar ganye, da dunƙule mai ɗanɗanon kaza. Baƙo ɗan Indiya da ke aiki a Kano ko Legas da waɗannan yake fama.

Man suya ma haka yake. Yawancin sinadaran ƙamshin nama sun fi narkewa a mai bisa ga ruwa, shi ya sa dankalin da aka soya a man da aka soya kifi yake fitowa da ƙarnin kifi. A kan man suya ne ma aka yi wata shari'a da ta yi suna. A 1990 kamfanin McDonald's ya sanar da cewa ya daina soya dankalinsa da kitsen shanu a Amurka, ya koma man tsirrai. Mutane da yawa suka ɗauka dankalin ya rabu da nama ke nan. Ashe ana ci gaba da sa masa ɗan sinadarin ɗanɗano da aka samo daga naman shanu tun a masana'anta, kafin a kai shi shaguna. A 2001 wasu mabiya addinin Hindu da marasa cin nama suka kai ƙara a birnin Siyatil, kuma a 2002 kamfanin ya nemi gafara, ya amince ya biya dala miliyan 10 ga ƙungiyoyi dabam-dabam. Abin lura shi ne, ma'aikacin da ke miƙa dankalin a kan kanta shi kansa bai san da wannan sinadari ba. Da an tambaye shi zai ce babu nama, kuma ba ƙarya ya yi niyya ba.

Dabbar da ta sake kama

Romo dai ana iya jin ƙamshinsa. Akwai abubuwan da suka fito daga dabba waɗanda masana'anta ta sauya musu kama ƙwarai, har ba mai gane su da ido ko hanci.

Na farko shi ne jelatin. Duk wanda ya bar farfesun ƙafar saniya ya kwana a lokacin hunturu ya ga yadda romon ke daskarewa yana rawa. Abin da ya faru shi ne, zafi ya warware wani furotin mai suna kolajin da ke cikin fata da jijiya da ƙashi, ya narke a ruwa. Da ruwan ya huce sai zaruruwan furotin ɗin suka sake sarƙewa kamar raga, suka riƙe ruwan a tsakaninsu. Masana'antu suna yin haka da fatar alade da fatar shanu da ƙasusuwa, su busar, su niƙa ya zama gari marar ƙamshi. Ana sa shi a alewa mai taushi, da wasu nau'o'in yogot da askirim da kek, har da kwanson maganin kafso. Masu girki suna son sa ne domin yana narkewa a wajen digiri 35 na ma'aunin santigiret, watau ƙasa kaɗan da zafin jikin mutum, saboda haka da ya shiga baki sai ya narke. Yana da madadi daga tsiro, wato aga, wanda ake samu daga ciyawar teku, amma shi sai zafi ya kai wajen digiri 85 yake narkewa, don haka taunarsa ake yi. Wannan hali da ya rage masa daraja a wurin kuku shi ne ya ɗaukaka shi a ɗakin gwaje-gwaje. A farkon shekarun 1880 Fanny Hesse, matar wani likita da ke aiki tare da Robert Koch a Jamus, ta ba da shawarar a riƙa renon bakteriya a kan aga, domin jelatin yana narkewa a ɗumin da ƙwayoyin cuta ke so. Har yau da shi ake aiki.

Na biyu yana cikin cuku. Kafin madara ta zama cuku sai an tsinka ta, kuma hanyar da Turawa suka gada ita ce amfani da wani inzayim mai suna kaimosin, wanda ake samowa daga tumbi na huɗu na ɗan maraƙin da bai daina shan nono ba. Sai an yanka maraƙin ake samun sa. Tun daga 1990, lokacin da hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince, ana sa ƙananan halittu su ƙera wannan inzayim a masana'anta, kuma yawancin cukun Amurka da Ingila yanzu da shi ake yi. Amma sanannen cukun Italiya mai suna Parmigiano Reggiano ƙa'idarsa ta wajabta a yi shi da na maraƙi, shi ne kuma ake barbaɗawa a kan taliya mai miyar tumatir, abincin da ake yawan miƙa wa marar cin nama a Turai. A nan Afirka ta Yamma ta riga su samun mafita. Cukun wagashi ko wara, wanda Fulanin Benin da Gana da kudu maso yammacin Nijeriya ke yi, da ruwan ganyen tumfafiya ake tsinka shi.

Na uku launi ne. Akwai wani ja mai kyau da ake kira kamin, wanda a kan kwalayen Turai ake rubuta shi da lamba E120. Daga jikin wani ɗan ƙwaro ake samun sa, wanda ke rayuwa a kan wani tsiro mai ƙaya na busassun wurare, musamman a ƙasar Peru. Sai an busar da ƙwari wajen 70,000 kafin a tara abin da bai cika rabin kilo ba. A 2012 kamfanin Starbucks ya daina sa shi a wasu kayan shansa bayan masu saye sun yi ƙorafi.

Ga Musulmi akwai ƙarin abin kula ta ɗaya gefen: abinci yana iya zama babu dabba a cikinsa sam, amma an dafa shi da giya, kamar yadda ake yi wa wasu miyoyi a Faransa da Italiya da Japan.

Abin da doka ta yi da wanda ta bari

Indiya ce ta fi kowa nisa a wannan fanni. Ƙa'idojinta na 2011 sun tanadi cewa duk abincin da aka ƙunsa don sayarwa ya ɗauki alama: koren ɗigo cikin koren murabba'i ga wanda babu nama ko kifi ko ƙwai, mai ruwan ƙasa kuma ga wanda yake da su. A ƙa'idojin 2020 an mai da alamar ta biyu mai kusurwa uku, domin masu matsalar bambance launi su ma su gane. Gidajen abinci da dama a ƙasar suna rubuta a ƙofa cewa nama ba ya shiga madafarsu ko kaɗan.

A Tarayyar Turai kuwa, tun daga Disambar 2014 doka ta tilasta wa gidajen abinci su bayyana abubuwa 14 da ke tayar wa wasu mutane da borin jini, cikinsu har da kifi da jatan lande da ƙwai da madara. Nama ba ya cikin jerin. Ke nan marar cin nama yana da ikon doka ya san ko akwai kifi a miyarsa, amma batun romon kaza sai yadda sabis, watau mai kawo abinci, ya gaya masa. A wasu wuraren addini ne ya yi aikin da doka ba ta yi ba. A Habasha Kiristocin Orthodox suna barin nama da madara da ƙwai a yawancin ranakun Laraba da Juma'a da lokacin babban azumi, saboda haka gidajen abinci sun saba da dafa abincin azumi na wake da ganye.

Abin da ya rage a faranti

Idan aka cire duk abin da ake shakka, me ya rage? A gidajen abinci da yawa amsar ita ce farar shinkafa, ko soyayyen dankali, ko burodi da ɗanyen ganye, watau sitaci da mai. Na rana ɗaya ba kome. Amma ɗalibin kwana ko ma'aikacin da zai yi watanni yana ci a waje, jikinsa zai gaya masa.

A duba lissafin furotin. Baligi yana bukatar kimanin giram 0.8 a kan kowane kilo na nauyinsa a kullum, don haka mai nauyin kilo 60 yana bukatar wajen giram 48. Farantin dafaffiyar farar shinkafa mai nauyin giram 300 ba ya ba da fiye da giram 8 ko 9. In aka ƙara dafaffen wake giram 200, an samu ƙarin wajen giram 15. Ƙwai ɗaya kuma giram 6 ne. Ban da yawa akwai batun inganci. Furotin an gina shi ne da tubala 20 da ake kira amino asid, kuma 9 daga cikinsu jiki ba ya iya ƙera su, sai dai ya samu a abinci. Hatsi irin su gero da dawa da masara da shinkafa suna da ƙarancin ɗaya, mai suna laisin. Wake da waken soya kuwa suna da laisin sosai, amma sun gaza a wani mai suna metiyonin, wanda hatsi ke da shi. Kowanne yana toshe giɓin ɗan'uwansa, kuma ba dole sai a faranti ɗaya ba, in dai an ci su cikin yini guda. Abin sha'awa, abincin bakin titi na ƙasar Hausa ya fi na manyan otal cika wannan sharaɗi: koko da ƙosai, shinkafa da wake, ɗanwake, awara, kwaɗon zogale da ƙuliƙuli.

Sinadarin ƙarfe, wanda jini ke bukata, iri biyu ne. Na cikin nama hanji yana tsotse kashi 15 zuwa 35 cikin 100 nasa, na cikin tsirrai kuwa kashi 2 zuwa 20 kawai. Bitamin C yana ƙara tsotsar na tsirrai, shayi kuma yana rage ta ƙwarai. Saboda haka wanda wake da ganye ne abincinsa, gara ya bi su da lemo ko gwaba, ya jinkirta shayi zuwa bayan awa ɗaya ko biyu.

Wanda ya fi haɗari shi ne bitamin B12. Tsiro ba ya ƙera shi, dabba ma ba ta ƙera shi, bakteriya da 'yan'uwansu ne kaɗai ke yi. Saniya tana samun nata daga bakteriyan da ke cikin tumbinta, mutum kuma ya samu daga namanta da nononta. Abin da baligi ke bukata kaɗan ne, maikirogiram 2.4 a rana (maikirogiram ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram), kuma hanta tana ajiye abin da zai isa shekaru. Wannan ajiya ita ke yaudarar mutane, domin wanda ya bar duk abincin dabba zai daɗe yana jin garau kafin kasala da ƙarancin jini da jin dindiris a tafin ƙafa su bayyana, kuma lahanin da ya taɓa jijiyoyi ba kullum yake warkewa ba. Jaririn da ke shan nonon uwar da ba ta da isasshen B12 ya fi kowa shiga haɗari. Mai shan madara da cin ƙwai yana da sauƙi. Wanda ya bar su kuwa dole ya sha ƙwayar bitamin ɗin ko ya ci abincin da aka ƙara wa shi a masana'anta, domin daddawa da sauran abinci masu tsami ba abin dogara ba ne a nan.

Gwaji a aji

Malami na iya nuna wa ɗalibai cewa tsame nama ba ya raba romo da nama. A dafa ɗan yankin ganda ko ƙashi a ruwa na tsawon awa ɗaya, a tsame shi, a tace ruwan da ƙyalle mai tsabta, a bar shi ya huce. A zuba kaɗan a kwalbar gwaji, a zuba ruwan gishiri zalla a wata. A kowace a sa ruwan sodiyam haidiroksaid daidai yawan abin da ke ciki, sa'an nan a ɗiga ruwan kofa salfet mai rauni, a girgiza. Malami ne zai riƙe sodiyam haidiroksaid da kansa, domin yana ƙona fata. Ruwan gishirin zai tsaya shuɗi-shuɗi, romon kuwa zai koma ruwan shunayya, alamar akwai furotin a ciki. Wannan shi ake kira gwajin Biyuret.

Daga nan sai a gwada madarar waken soya a kwalba ta uku. Ita ma za ta koma shunayya, domin gwajin furotin kawai yake gani, ba ya bambance na dabba da na tsiro. Gano irin dabbar da ke cikin abinci sai da gwajin ƙwayoyin gado, watau DNA. Da irinsa ne hukumar kula da lafiyar abinci ta ƙasar Ayalan ta gano, a Janairun 2013, cewa akwai naman doki a cikin niƙaƙƙen naman da ake sayarwa da sunan na shanu a manyan kantunan Ayalan da Birtaniya, har a wani samfuri ya kai kashi 29 cikin 100 na naman.